Shafi Biyun da Jane Ta Soke

Duk wanda ya zauna a Woolwich a shekarun da kuɗin man fetur suka fara yi wa Najeriya ambaliya ya san Uwaisu Lawal, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ƙaton nan da ke cika ƙofar bas, mai wuya kamar turmi, wanda in ya yi maka sallama sai ka waiga kana neman mai ƙaramar muryar. Ma'aikatar ayyuka ta Jihar Kano ce ta turo shi a 1974 ya karanta safiyo a wata kwalejin fasaha da ke yankin. Lokacin gwamnati ba ta ƙyashin tura kowa karatu. Samari suna sauka Landan da kwat ɗaya, kafin shekara ta zagayo sun sayi rediyo mai manyan lasifika, suna maganar irin motar da za su saka a jirgin ruwa in za su koma.

Uwaisu bai damu da mota ba. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, kuma kafin boko ta ɗauke shi ɗan kokawa ne. Kaka uku a jere bayansa bai taɓa ƙasa ba. Amma ko a fagen kokawa, inda wasu ke zabga wa kansu kirari har jijiyar wuya ta tashi, shi bai taɓa buɗe baki ba. Akwai makaɗi, aikinsa ke nan. Haka aka rene shi: mutumin kirki ba ya yabon kansa, sai dai ya yi aikin, wani ya faɗa. In ma an yabe shi a gabansa sai ya musa, a sake ya sake musawa, sai a karo na uku ya sunkuyar da kai ya bari a ci gaba. Wannan tarbiyya ya ɗauko ya kawo Landan tare da ƙullin kuka da daddawarsa, bai taɓa zaton akwai ƙasar da ba a san ta ba.

A kwalejin akwai wani malamin lissafi baƙar fatar Amurka, Mista Ephraim, wanda kewar wasan ƙasarsu ta hana shi sukuni. Shekara guda kafin zuwan Uwaisu ya roƙi tsohuwar makarantarsa ta aiko masa da kwancen hulunan kwano goma sha shida da rigunan sulke na kafaɗa, ya kafa ƙungiyar ƙwallon Amurka. Wasan ba irin tamaular da muka sani ba ne. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake rungumarta a ruga da ita zuwa ƙarshen fili. Ana jera ƙarti biyar a sahun gaba su ture abokan hamayya su buɗe hanya, mai gudu ya bi ta kafar da suka buɗe. Ƙartin nan ba a miƙa musu ƙwallo, ba a jefa musu. Nasu turi ne kawai da shan gwiwar hannu a haƙarƙari.

Turawan Ingila dariya suke yi wa abin. Abokan karawa ma sai an nema: ɗaliban Amurka da ke karatu a Landan, da makanikan wani sansanin sojan sama da ke can wajen gari. A shekarar farko ƙungiyar ta buga wasa huɗu, aka lallasa ta sau huɗu. Don haka ranar da Mista Ephraim ya hango Uwaisu a layin abinci, ajiye farantinsa ya yi ya bi shi har teburi.

A mako ɗaya aka ɗauki Uwaisu da Choji Dokas. Choji ɗan Birom ne daga Jos, siriri, mai wushirya da dariyar da ake ji daga bene na uku, ya zo karatun injiniyan lantarki. Hausa a bakinsa kamar ruwa. Da ya ji Uwaisu ya girme shi da shekara biyu sai ya laƙaba masa Yaya, kuma tun daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba. Aka sa Uwaisu a sahun gaba ta hannun dama, aka sa Choji a baya yana karɓar ƙwallo. Abin da Uwaisu ya koya a dandalin ƙauye, yadda ake shiga ƙarƙashin ƙato a ɗaga shi daga ƙugu, shi ya zama arzikin ƙungiyar. Ya ture, Choji ya wuce. A 1975 suka ci wasansu na farko, Mista Ephraim ya zauna a kan ciyawa ya yi kuka da hawaye. A shekara mai bi suka ci biyar cikin shida.

To, a nan ne ciwon ya fara. Jaridar ɗalibai ta buga hoton Choji yana tsallake wani Ba'amurke, ƙwallo a ƙirji, baki har kunne. A gefen hoton, in ka ƙura ido, za ka ga wani abu baƙi kamar gindin bishiya. Gwiwar hannun Uwaisu ce. Sau uku ana buga hoton Choji a shekarar, kuma mafi yawan abin da aka taɓa gani na Uwaisu shi ne bayansa da lamba sittin da huɗu. In sun shiga kasuwar Deptford sayen doya da busasshen kifi, 'yar Saliyon da suke saye a shagonta sai ta ce ga ɗan wasa ya zo, ta ƙara wa Choji barkono, ta miƙa wa Uwaisu buhun ya ɗauka.

Ba sai an yi wa abin kwaskwarima ba, ƙyashi ne ya kama shi. Yana son Choji, wannan ba ƙarya ba ne. Duk Lahadi in Choji ya taso daga coci, flat ɗin Uwaisu yake zarcewa, Zinatu matar Uwaisu, wadda ta biyo mijinta a shekara ta biyu, ta tuƙa musu tuwon garin shinkafa da miyar kuka, su ci a kwano ɗaya. Amma tuwon yakan fita daga ran Uwaisu duk lokacin da aka ɗauko hirar wasa. Ranar da ta fi ƙona masa rai ita ce ranar da Zinatu ta je kallo karo na farko, ta dawo tana tafa hannu.

"Kai, Malam, Choji akwai gudu! Kamar ba ya taka ƙasa."

"Ni fa, kin gan ni?"

"Na gan ka mana. Kana ta dambe da wani jibgegen Bature, har na ce me ya haɗa ku."

Ya tashi ya yi alwala, alhali da alwalarsa.

A 1977 wa'adin Mista Ephraim ya cika, zai koma gida ƙarshen shekara. Ƙungiyar ɗalibai ta yanke shawarar buga ɗan littafin tarihin ƙungiyar ƙwallon, a raba ranar wasan ban kwana. Aka ɗora aikin a kan Jane, sakatariyar ƙungiyar ɗaliban, wata Baturiya mai tabarau da ba ta wasa da aiki, irin mutanen da in ka ce musu ƙarfe biyu, biyu saura minti biyar suna bakin ƙofa. Ta bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya tana tambaya tana rubutawa.

Uwaisu ya ji daɗi ƙwarai. Ga makaɗi ya zo a ƙarshe, ko da kuwa mace ce mai biro. Mako guda yana shirya abin da zai faɗa in an matsa masa: wasan 1975 da ya riƙe mutum biyu shi kaɗai, da ranar da ya buga rabin wasa da karyayyen yatsa, da yadda Mista Ephraim ya sauya tsarin wasan gaba ɗaya don a riƙa bi ta gefensa. Har gwadawa ya yi a gaban madubi, yadda zai sunkuyar da kai ya faɗe su kamar an tilasta shi.

Ta same shi a kantin cin abinci ranar Talata da azahar, ta zauna, ta buɗe jaka ta fito da wasu takardu biyu rubutattu da hannu, ta ajiye a gabanta.

"An gaya mini kai ne ginshiƙin ƙungiyar nan," in ji ta da Turanci, "wai ba don kai ba da ba a ci ko wasa ɗaya ba. Haka ne?"

Daɗi ya ratsa Uwaisu har tafin ƙafa. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannu biyu.

"A'a, a'a. Ba gaskiya ba ne. Ni ban yi wani abu ba. Aikin duk na Choji ne."

Ya gyara zama yana jiran tambaya ta biyu. Jane ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka tabbata?"

Wannan ce ta biyun, a lissafinsa. Ya ce ya tabbata ƙwarai, duk wanda ya faɗa mata haka kara kawai ya yi masa. Sai ya ja numfashi, ya tanadi labarin karyayyen yatsa a kan harshe.

Jane ta ce ta gode da gaskiyarsa, ba kowa ne zai yi haka ba. Ta zare murfin biro ta ja dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kan takarda ta farko, ta ja a kan ta biyu, ta mayar da su jaka, ta miƙe. Duka zaman bai kai minti huɗu ba. Uwaisu ya bi ta da kallo har ta fita, shayinsa ya huce a gabansa. Ya ce a ransa wataƙila za ta dawo gobe. Ba ta dawo ba.

Littafin ya fito ana saura kwana uku wasan ban kwana, shafi ashirin da huɗu da shuɗin bango. Uwaisu ya karanta shi a tsaye a tashar bas. Ya ƙirga sunan Choji sau goma sha tara. Nasa sau biyu: ɗaya a jerin sunaye, ɗaya a shafi na sha ɗaya, inda aka rubuta cewa Uwaisu Lawal na sahun gaba ya shaida da bakinsa cewa shi bai yi wani abu ba, aikin duk na Choji ne.

Ya isa gida ya cika ya yi fam. Ya jefa littafin a kan tebur, ya fassara wa Zinatu layin.

"To ai kai ka faɗa, Malam," in ji ta.

"Haka ake faɗa! Wa ya taɓa amsawa a karon farko?"

"A Ringim ke nan. Nan in ka ce ka ƙoshi ɗauke kwanon suke yi. Ka manta landlady ɗinmu ta farko, da ka kwana da yunwa? Ka je office ɗin Jane ɗin ka yi complain mana."

"In je in ce a yabe ni? Allah Ya kiyaye."

Ba Jane ce ta fi ba shi haushi ba. Baturiya ce, ba ta san komai ba. Choji ne. Choji ya tashi cikin Hausawa a Jos, ya san in mutum ya yi shiru a kan kansa, abokinsa ne ke magana. Shekara uku yana wucewa ta ƙofar da Uwaisu ke buɗewa da haƙarƙarinsa, yana cin tuwon gidansa, yana kiransa Yaya, amma da aka zo rubuta tarihi ya kasa cewa uffan. Haka Uwaisu ya yanke hukunci shi kaɗai, bai tambayi kowa ba. Da Choji ya tare shi a filin atisaye ya ce, "Yaya, ka ga littafin nan kuwa? Akwai maganar da nake son mu yi," sai Uwaisu ya sha mur ya ce yana sauri.

Ranar Asabar aka yi wasan, da yamma, a filin ciyawar Woolwich, ana yayyafi. Makanikan sansanin sojan sama ne suka zo, kuma ba a taɓa tara 'yan kallo irin na ranar ba, kowa da shuɗin littafinsa yana kare kai da shi. Wanda ke fuskantar Uwaisu wani jan ƙato ne mai lamba saba'in. Tun farkon wasa Uwaisu ya riƙe shi kamar an ɗaure akuya a turke, ko taku ɗaya bai samu ba. Choji ya ci sau biyu. Filin ya ɗauka: "Cho-ji! Cho-ji!" Har muryar Zinatu Uwaisu ya tsinkayo a ciki, ko kuma kunnensa ne ya ƙirƙira masa.

Saura minti shida a tashi aka sake kiran tsarin da suka saba, Choji zai bi ta damar Uwaisu. Suka durƙusa a sahu. Uwaisu yana jin numfashin jan ƙaton a fuskarsa, yana jin sunan da ake ta kira. Abin da ya zo masa a rai ƙarami ne. So yake Choji ya faɗi sau ɗaya tak, ya sha taɓo a gaban mutanen nan, ko wani zai tambaya wa ke riƙe ƙofar da can. Da aka saki ƙwallo sai ya ja ƙafarsa ta dama baya kamar taƙi ɗaya, ya sassauta kafaɗa.

Jan ƙaton ya wuce shi da dukkan nauyinsa. Ƙarar da Uwaisu ya ji a bayansa irin ta busasshen kara ce in an taka shi. Filin ya yi tsit. Da ya juya, Choji na kwance, ƙwallon tana hannunsa bai sake ta ba, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe daga gwiwa ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

Kowa ya ce santsi ne. Mista Ephraim ya dafa kafaɗar Uwaisu ya ce kada ya zargi kansa, filin ya jiƙe. Kwana uku Uwaisu bai je asibiti ba, yana cewa aikin makaranta ya yi masa yawa. A rana ta huɗu Zinatu ta dafa farfesun kaza ta zuba a kula, ta ɗora masa a cinya.

"Visiting ƙarfe biyu ne. In ba za ka ba, ni zan hau bas in je, in ce masa yayansa ba shi da lokaci."

Ya tarar da Choji an naɗe ƙafar da filasta tun daga cinya, an rataye ta da igiya. Ya rame a kwana huɗu, amma da ya ga kular sai wushiryar ta bayyana. Suka gaisa. Uwaisu ya yi masa sannu ya fi sau goma, idonsa a kan kwalbar ruwan da ke gefen gado.

"An yi operation shekaranjiya," in ji Choji. "Likita ya ce tafiya zan yi, da sanda dai. Gudu kuwa an gama."

Uwaisu ya ce Allah Ya sawwaƙe.

"Buɗe drawer ɗin nan. Tun Larabar da ta wuce nake son in ba ka, ka ce kana sauri."

Takardu biyu ne rubutattu da hannu, kowace da dogon layin biro daga kusurwa zuwa kusurwa. Uwaisu ya gane su nan take. Abin da bai lura da shi ba a kantin cin abinci shi ne rubutun na Choji ne.

"Ni na rubuta wa Jane. Kwana biyu ina yi. Na ce mata in ba za ta sa wannan ba, ta cire nawa ma. Ta ce ta yi checking da kai, ka ce ba gaskiya ba ne, har sau biyu, ita kuma ba ta buga abin da mai shi ya ƙaryata. Na ce mata haka mutanenmu suke yi, ki koma ki sake tambaya. Ta ce an riga an kai wa printer."

Uwaisu ya karanta a tsaye. Komai yana ciki. Wasan 1975 da mutum biyun, da karyayyen yatsa, da kokawar Ringim da shi kansa ya manta ya taɓa ba Choji labarinta, har da kirarin da makaɗin ƙauyensu ke yi masa, an juya shi zuwa Turanci yadda ya samu. A ƙasan shafi na biyu Choji ya rubuta cewa mutane suna tambayarsa yadda yake gane inda hanya za ta buɗe. Ya ce shi bai taɓa duban gabansa ba. Ƙafar Uwaisu ta dama yake kallo, in ta yi gaba ya bi ta, kuma a shekara uku ba ta taɓa ja da baya ba.

Uwaisu ya ƙura wa takardar ido. Ya kai ƙarshen layin ya sake komawa farkonsa, don kada ya ɗago.

"Ranar Asabar ma ita nake kallo," in ji Choji a hankali.

Wata nas ta turo keken magani ta wuce su. Uwaisu ya buɗe baki, Choji ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce a zuba masa farfesun tun bai huce ba.

Ɗakin Choji a Deptford yana hawa na huɗu, gidan ba lif. Da aka sallame shi, Uwaisu ne ya riƙa zuwa kullum da safe ya goyo shi ya sauko da shi, da yamma ya goya shi ya hau, wata huɗu cur, ranar ruwa da ranar ƙanƙara. Mutane suka yi ta yabonsa. 'Yar Saliyon nan ta fara ƙara masa barkono. Jane da kanta ta zo da mai ɗaukar hoto, jaridar ɗalibai ta buga shi a shafin farko, fuskarsa cikakkiya, da Choji a bayansa, aka rubuta cewa ga abokin gaskiya. Zinatu ta yanke hoton za ta kai a saka a gilashi, Uwaisu ya karɓe ya tura ƙarƙashin akwati, ya ce kada ya sake ganinsa.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan tafiyar Mista Ephraim. An buga wasa biyu a shekara mai bi, Uwaisu bai shiga ko ɗaya ba, daga nan aka tattara hulunan kwanon aka zuba a sito. Ya gama karatunsa a 1978, ya samu aikin safiyo a council, wato ƙaramar hukumar yankin, ya zauna a Woolwich, kuma 'ya'yansa sun girma ba su san ubansu ya taɓa saka hular kwano ba.

Choji bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba, ko Zinatu. Bai fasa zuwa cin tuwon Lahadi ba har ya koma Jos da sandarsa. Abu ɗaya ne kawai ya sauya, kuma Uwaisu ne kaɗai ya lura. Ranar tafiya ya ɗauki akwatunan Choji har bakin inda ake tsayar da masu rakiya a filin jirgi, ya tsaya yana jira ko zai ji sunan nan na Yaya sau ɗaya. Choji ya mayar da sandar hannun hagu, ya miƙo masa na dama.

"Na gode, Malam Uwaisu," ya ce. "A gaida Zinatu."